Te Ya Tafi, Ude Yana Nan

Tun da na dawo daga Japan bakina bai huta ba. In na zauna a majalisarmu tambaya ce, in na fito daga masallaci tambaya ce, har mai tsire sai ya riƙe mini nama ya ce sai na gaya masa ko da gaske mutanen can ɗanyen kifi suke ci. Taubashina Lawal kuwa ya riga ya baza nasa labarin a Daura, wai ya ji daga majiya mai tushe cewa Makka na nufa, na shiga jirgin da ba nawa ba. To ga shi zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan sai ya saya mini shayi da burodi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, bakanike ne ni. Injin ban-ruwa da injin niƙa da janareto su ne abincina, har ranar da bel ɗin wani injin niƙa a Dutsi ya kama hannun rigata ya ja. Likita ya yanke daga wuyan hannu, na dama. Ƙaddara ce, na karɓa. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne lokacin da abin ya zo. Shari'a ta kankama a jihohinmu, rediyo kullum cikin zancen haddi, don haka duk baƙon da ya ga ƙato da dungulmin hannun dama ba ya ko tambaya, ya gama lissafinsa. Na rufe shago, na sa tela ya ɗinka mini riguna masu dogon hannu, na koma zaure na zauna. Matata Hajara ta ɗora kaskon ƙosai a ƙofar gida, da shi muke ci mu da yara. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Akwai wani injiniya ɗan Japan da ya taɓa zuwa haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Sandamu, ni ne bakanikensu a lokacin. Sunansa ya gagari harshenmu, mata suka raɗa masa Mai Rijiya, ni kuwa Baba nake ce masa. A bakin rijiya ya koyi Hausa, wurin mata masu ɗiban ruwa, shi ya sa kowa a wurinsa "ke" ne. Na taɓa ji da kunnena ya ce wa dagaci, "Ina kwana, ke da lafiya?" dagaci ya amsa bai ko gyara masa ba. Bayan ya koma ƙasarsu ya yi ritaya, labarina ya kai masa ta bakin tsohon direbansu, sai ga waya.

"Habu, ke ce? Me ya tafi?"

Na ce, "Hannu, Baba."

"Duka?"

Na dubi wurin, ba yatsa ko ɗaya, ba tafi. Na ce, "Duka."

Ya yi mini jaje. Sannan ya ce in nemi fasfo, ya san wata mata da sana'arta ƙera hannaye, shi da tsofaffin abokan aikinsa za su ɗauki nauyin komai. Ni abin da na sa a raina shi ne hannun roba mai yatsu da farce, wanda zan zuro daga hannun riga in ratsa kasuwar Daura ba wanda ya kalle ni sau biyu. Aiki kam ban sa shi a lissafi ba, na riga na yi masa sallar gawa. Ranar tafiya Hajara ta ce Allah ya sa in dawo da abin da zai amfane mu. Na lura "mu" ta ce, na yi kamar ban ji ba.

A tashar Daura na shiga motar Kano. Aka matse mu a baya, kusa da ni wani alhaji mai tumbi da agogo mai walƙiya. Ba mu kai Kazaure ba hannun rigata ya zame, ya hango abin da ke ciki. Sai na ga a hankali ya cire agogon ya tura a aljihun da ke nesa da ni, ya dafe. Can da ya kasa haƙuri ya sunkuyo ya tambaye ni cikin raɗa wace kotu ce. Da wata rana ce da sai in sunkuyar da kai, amma ranar da biza a aljihuna, sai tsiyata ta dā ta motsa. Na ce masa kotun ba ta da laifi, sai dai abin da alƙali bai sani ba shi ne ni bahago ne tun asali. Daga nan har Kano alhajin nan bai ƙara ƙifta ido ba. Ya takure a jikin ƙofa, mu kuwa muka samu fili muka miƙe ƙafa. Da za mu sauka na gaya masa gaskiya, ya yi ta ba ni haƙuri har ya ba ni tausayi.

Zancen jirgi ba zan ja shi ba. Mun tashi, mun sauka a wata ƙasar Larabawa, mun sake tashi, rana tana ta gudu a gabanmu har na rasa wace salla ake bina. Aka kawo abinci duk a liƙe cikin leda da gwangwani, irin wanda mai hannu biyu ma sai ya yi da gaske. Na sa haƙori na fizgi murfin wani kindirmo, rabinsa ya sauka a kan wandon maƙwabcina. Bawan Allahn nan, ɗan Japan ne, shi ya riƙa ba ni haƙuri.

A wurin shige da fice akwai wata na'ura da baƙo ke ɗora manunin dama da na hagu a kai. Jami'in, saurayi ne da farin ƙyalle a hanci, ya ɗaga yatsu biyu ya nuna mini gilashin. Na ɗora na hagu. Ya sake ɗaga biyu. Na sake ɗora na hagu. Da ya ɗaga a karo na uku sai na ce to ga abin da ya samu, na zaro dungulmin na ɗora masa a kan gilashi. Yaron nan ya miƙe zumbur ya rusuna, ya kira babbansa, shi ma ya zo ya rusuna. Ni ma da na ga abin na yi ne sai na rusuna, muka yi ta ruku'u mu uku ba liman. Na jira a tambaye ni wace kotu, ba wanda ya tambaya. Daga baya Baba ya gaya mini su a can wanda ya rasa ƙaramin yatsa ne ake ɗauka ɗan daba. Na ce to wanda ya rasa biyar fa? Ya ce, "Ke ce sarkinsu."

Ina fitowa na hango shi, ya tsufa, kai ya yi fari fat. Na ɓoye hannu a cikin riga yadda na saba, amma shi ya kamo kafaɗata, ya shafo damtse, ya tarar da gwiwar hannu, ya gangaro sangalin hannu. Fuskarsa ta sauya. Ya riƙa jijjiga ni yana cewa, "Ude! Ude!" Ni kuwa "buɗe" na ji. Na ce ikon Allah, kwastan sun bar ni, Baba ne zai caje ni? Na dire jaka a tsakiyar filin jirgi na zuge, ga yaji, ga kuka, ga hular da na kawo masa tsaraba, ƙullin ƙuli-ƙuli ya fashe ya bi ƙasa yana gangarawa tsakanin ƙafafun mutane. Sai da muka gama tsincewa ya iya yi mini bayani, yana dariya yana share ido. A harshensu, daga wuyan hannu zuwa yatsu sunansa te. Daga kafaɗa zuwa wuyan hannu kuwa abu ne daban, sunansa ude. Da na ce masa hannu duka, shi ya zaci daga kafaɗa aka cire, haka ya je ya faɗa wa mai ƙera hannaye, haka kuma ya yi ta baƙin ciki.

"Habu, ke maƙaryaciya ce. Te ya tafi. Ude yana nan."

Na ce masa mu ma muna da damtse muna da tafi, amma duk 'ya'yan hannu ne, kuma a wurinmu in an ce mutum ya rasa hannu ba a tsayawa awo. Na ɗauki maganarsa irin ta ta'aziyya ce, wadda ake faɗa don kada a yi shiru.

Gidansa a wani ƙaramin gari yake, sai da muka shiga jirgin ƙasa. Mutum maƙil amma tsit, ba mai talla, ba mai wa'azi, ba mai gardamar siyasa, har na tambayi Baba ko rasuwa aka yi. Gidan na katako ne. Ya fara yi mini dogon bayani cewa a nan ana cire takalmi a ƙofa, ana zama a tabarma, ana kwana a ƙasa, kada in ji wani iri. Na ce Baba, ka manta daga inda na fito ne? Matarsa, wadda na kira Inna, 'yar tsohuwa ce ƙarama, ba Hausa ba Turanci, tsohuwar malamar koyar da rubutun hannu. Da ta fito tarbata gabana ya faɗi don na zaci za a miƙo hannu. Ta rusuna kawai. Ashe duk ƙasar haka suke, ba musabaha. Wanda bai rasa hannun dama ba ba zai gane wannan ba. A Daura gaisuwa ce azabata, a miƙo maka hannu, ka tsaya kana shawarar hagu za ka ba dattijo ko dungulmi. Na ce wa Baba da ana kiran salla a garin nan da ba zan koma ba.

Sai bayan gida. Kujera ce mai maɓallai a gefe, kuma bakanike ba ya ganin maɓalli ya ƙyale. Ina tsaye na leƙa na danna ɗaya, wani ɗan bututu ya fito a natse ya wanke mini fuska da hula. Da na gane aikinsa kuwa sai na daina dariya, don tun da na rasa hannun dama abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hannun tsarki ya zama hannun cin abinci. Na tambayi Baba da gaske ko kujerar nan za ta shiga jakata.

Wajen abinci Inna ta yi ƙoƙari, ta sayi sabuwar tukunya domina, ba alade ba giya. Shinkafarsu a dunƙule take, ba mai ba gishiri. Ɗanyen kifi kuwa gaskiya ne, mai tsire ya ji, na yi bismilla na haɗiye ban tauna ba. A gefensa akwai wani ɗan kore da na ɗauka dakakken ganye ne, na cika cokali na kai baki. Bai tsaya a harshe ba, ta hanci ya bi ya hau kai, na ga garinmu daga nan. Washegari na rama, na barbaɗa wa Inna yajin Hajara a shinkafa. Ta yi hawaye, ta yi tari, ta miƙo kwano a ƙara mata. Su ma suka shirya mini tasu, suka kawo wani ruɓaɓɓen wake mai yauƙi da aka ce duk baƙo gudunsa yake yi, suka zuba mini ido. Na sansana na ji daddawa ce ta auri kuɓewa. Na share kwanon tas na nemi ƙari, Inna har ta ɗan ji haushi.

Mai ƙera hannaye mace ce mai matsakaicin shekaru, ɗakin aikinta hannaye da ƙafafu rataye ko'ina. Ta matsa sangalina, ta sa na lanƙwasa, na juya, na tura tafinta da ƙarfi har ta ja baya, ta yi wa Baba magana tana murmushi. Sannan ta ajiye abu biyu a gabana. Ɗaya hannun roba ne, da farce da jijiyoyi, ta ce za a rina shi daidai da fatata, sai dai ko tsinke ba ya kamawa. Ɗayan ƙugiyar ƙarfe ce mai baki biyu, da waya da ta zagaya ta baya zuwa ɗaya kafaɗar, in ka tura damtse ta buɗe, in ka saki ta damƙe. Kwanakin bizata ba za su isa a yi duka biyun ba, sai in zaɓi ɗaya. Ban ko yi tunani ba na nuna na roba. Ta rusuna, ta ce kwandon da dungulmin zai shiga za ta fara yi, ina da sauran lokaci in sake shawara. A hanyar komawa na ga Baba bai ji daɗin zaɓina ba. Na ce masa ni mutuncina na zo nema, ba ƙugiyar rataye nama ba.

Kwanakin jira, Baba ya fita lambunsa, ni in zauna a ɗaki in zuba wa bango ido, zaman zaure dai ya biyo ni har Japan. Inna ta gaji da ganina haka. Ran nan ta shigo da takarda da tawada da buroshi, ta danƙa mini buroshin a hagu ba tare da neman izini ba. Ta zana 手, ta nuna tafinta, ta ce te. Wannan ba wuya, kamar karan gero ne da ganyensa. Sannan ta zana 腕, ta ɗaka mini duka a sangali, ta ce ude. Na ce subhanallahi, wannan ai gida ne guda da katanga.

Da Baba ya shigo ya warware mini shi. Ɓangaren hagu kamanninsa na harafin farin wata ne, amma in ya zo a sunan gaɓar jiki, nama yake nufi. Na ce mu a Daura wata daban nama daban, sai dai in an ga ɗaya ɗayan yakan biyo baya. Ɓangaren dama kuwa rufin ɗaki ne, a ƙarƙashinsa abu biyu, ni a idona ɗaya kamar mutum ne a kwance ya naɗe, ɗaya kamar a durƙushe. Inna ba ta yarda a fara zane daga inda aka ga dama ba, kowane layi da wanda yake bi, in na tsallake ta ƙwale ni da mafici. Malamin allonmu bai fi ta saurin hannu ba. Na ce wa Baba a allo na yi rubutu daga dama, a boko daga hagu, ga shi yanzu daga sama, saura daga ƙasa in sauke.

Ana cikin haka ya ce harafin nan suna biyu gare shi. In yana shi kaɗai ude ne, in ya haɗu da wani harafi sai a karanta shi wan. Na ce wan wa? Bai gane ba. Na ce ai shi ke nan magana ta fito, ude wan te ne, shi ya sa ya fi shi tsawo. Ya ce in yi masa bayani. Na ce a wurinmu in ƙane ya mutu ba a rufe gidansa, wansa ne ke ɗaukar iyali ya ci gaba da ciyarwa. Da wasa na fara maganar, ban kai ƙarshenta ba na gane da kaina nake. Na dubi mutum biyun nan da ke ƙarƙashin rufi, na kwance da na durƙushe, na ga kaina a zaure, na ga Hajara a gaban kasko hayaƙi na cin idonta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba ko a gaban masu dafe aljihu. Na ce wa Inna hannuna ya gaji. Duk da haka ban sauya shawara ba, taurin kai gadonmu ne.

Wata safiya na ji ɗan injin huɗar Baba yana tari a lambu, daidai ƙarƙashin tagata. A ja igiya, ya tashi, ya yi tut-tut, ya mutu. A sake ja, ya sake mutuwa. Na ce a raina injiniyan da ya huda dutse a Sandamu ne ɗan wannan abin zai gagara? Na toshe kunne da matashi. Amma kukan injin da mai ba ya isarsa, ga bakanike, kamar kukan jariri ne ga mai jego. Na fito a fusace da niyyar in faɗa masa da baki kawai in koma. Na ce mai ne ba ya sauka, ya kwance kafireto. Baba ya ɗauki sifana ya riƙa juya ta ta inda ake ɗaurewa. Na gyara masa, ya saki noti ya faɗa cikin ciyawa. Ban san lokacin da na fizge sifanar ba.

Na durƙusa, na danne kafireton a gwiwata da dungulmin, na sa hagu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na sha wuya. Sifana ta riƙa kuɓucewa, gumi ya jiƙa ni, fatar dungulmin ta saɓule. Amma damtsen nan ya san inda zai danna da yadda zai tokare, ban koya masa ba, bai manta ba. Da na zare bututun mai na busa, sai ga wani ɗan abu ya faɗo. Takarda ce an murza ta tsaf, irin ta rubutun Inna, har da ɗigon tawada. Na ɗaga ta sama. Baba ya shiga duban gajimare, Inna kuwa furanninta suka buƙaci ruwa nan take. Na mayar da komai, na ja igiya, injin ya ɗauka.

Inna ta faɗi wata magana. Baba ya ce, "Ta ce ude naki mai kyau ne." Na ce ta daina zolayata, wane kyau ke ga gungume? Ya ce ba kyan gani take nufi ba. Su a harshensu in za a yabi gwani, ko kafinta ne ko mai girki ko likita, sai a ce yana da ude, kamar yadda muke cewa wane ɗan hannu ne. In kuma gwani ya ƙosa ya taɓa aiki, sai su ce ude nasa yana ƙara.

"Naki yana ƙara tun daga filin jirgi, Habu. Ke kaɗai ce ba ki ji ba."

Na ce da shi da matarsa tsofaffin 'yan damfara ne, da a garinmu ne da na kai su gaban alƙali da takardar nan a matsayin shaida. Ina faɗa ina dariya, hawaye kuma na zuba, ban ɓoye ba. Da muka koma wurin mai ƙera hannaye na ɗauki na robar nan na juya shi, har ga Allah yana da kyau, raina ya so shi. Na ajiye, na nuna ƙarfen. Sauran kwanakina a koyon sarrafa shi suka ƙare. Aka fara da tsintar wake, aka koma riƙe noti, aka zo ɗaukar ƙwai. Ƙwan da na fasa Inna ba ta zubar ba, mun ci wainar ƙwai har na fara jin warinta a mafarki. Ranar rabuwa na rubuta mata ude da hagu ba tare da na duba nata ba. Ta daɗe tana kallo, ta gyara mini layi ɗaya da jan tawada, sannan ta rusuna.

Na iso Daura na tarar ƙofar gida cike, don Lawal ya riga ya sanar cewa hannun Japan yana faɗin lokaci, yana kama gidan rediyo. Na naɗe hannun riga na fito da ƙugiya. Lawal ya ce an aike ni hannu na dawo da filaya. Na tura damtse, bakin ya buɗe, na damƙe kunnensa, ban saki ba sai da ya shaida a gaban jama'a cewa Japan na je.

Na share shago, na samo jan fenti na zana harafin a ƙofa. Wani matashin malami ya tsaya ya ce yana fatan ba hatimi ba ne. Na ce masa wan hannu ne, ya tafi da ruɗun da ya fi wanda ya zo da shi. Aiki bai zo da gudu ba. Mutane su leƙo, su yi mini barka, su wuce da injinansu wurin wani, kuma ban ga laifinsu ba. Sai wani manomi daga garin Babban Mutum, injin ban-ruwansa ya mutu, albasarsa na ƙonewa, ya zagaya bai samu kowa ba. Ya dubi ƙugiyar, ya dubi injinsa, na ga yana shawarar ɗauka ya tafi. Na ce ya je ya yi salla ya dawo. Aikin da nake gamawa kafin azahar a da ya kai ni har la'asar sakaliya, amma ya tafi da injinsa yana aman ruwa.

Na shiga gida gab da magariba, rigata baƙa ƙirin da baƙin mai har ƙirji. A da, in kun ji ni da Hajara muna faɗa, to a kan wannan ne, don ta tsani wankin kayan aikina. Ta ɗago daga tsintar wake ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Tuɓe ka ba ni, ƙazami." Na tuɓe na miƙa mata. Ba ta nufi wurin wanki ba. Ta kai rigar hancinta ta shaƙa, sai na ga kafaɗunta suna rawa.

"Malam, shekara uku ina wanke maka rigar da ba ta yi dauɗa ba. Kada ka sake yi mini haka."

Na ce ba zan sake ba. Ta share ido da gefen zane, ta ce sabulu ya ƙare, kuma yau ni zan sayo.